Siforan mai gashi: wanne ake ratayawa da rana, wanne sai dare?

Wani ƙaninmu da ke karatu a Aberdeen ne ya turo wannan tambayar. Yace abokinsa ɗan ƙasar Sukotlan zai yi aure kuma ya saka shi cikin abokan ango, kowa kilti zai ɗaura, wato zanen ulun nan na gargajiya da mazan ƙasar ke ɗaurawa zuwa gwiwa, ɗaurin aure ƙarfe 2 na rana, da dare kuma cin abinci da rawa. Ya ga wani siforan, wato jakar da ake ratayawa a gaban kilti, mai gashi, aikin hannu, da ƙarfe mai walƙiya a samanta, ta tafi da imaninsa amma kuɗinta ba na wasa bane. Shine yake tambaya ko zai iya rataya ta tun da rana, kuma ko ta kai a zuba mata wannan kuɗin.

Toh ƙanina, kafin ka taɓa katin bankinka ka kira angon nan ka tambaye shi abu ɗaya tak: wace irin kwat za mu saka? Amsar da zai baka ita zata faɗa maka jakar da zaka rataya, ba kyan gashin ba, ba tsadar ba. Na yi shekaru ina aikin wucin gadi a wani shagon hayar kayan kilti a Glasgow lokacin ina ɗalibi, daga baya na zauna wajen wani tsoho mai ɗinka jakunkunan nan da hannu saboda ni dama gidanmu dukawa ne, basilla ba baƙuwata bace, kuma kuskuren da na fi gani a wajen baƙi kenan, mutum ya fara sayen jaka sannan ya zo yana neman kayan da zasu dace da ita. A baibai kenan. Kwat ce uwa, jaka binta take yi.

Ita jakar sunanta siforan, kalmar yaren Gelik ce na mutanen tsaunukan arewacin ƙasar, ma'anarta alabe kawai. Kilti bashi da aljihu ko ɗaya, yadi kusan 8 na ulu ne aka tattare ta baya aka bar gaba a shimfiɗe, shi yasa dole mutum ya nemi inda zai saka kuɗi da 'yan tarkacensa. Na farko-farko ba wani ado garesu ba, fatar barewa ce ko ta maraƙi da zaren tsukewa a baki, in ka taɓa ganin burgamin maharbi to ka ga kakansu. Daga baya aka fara yi musu baki na tagulla mai buɗewa da rufewa, akwai ma wani a gidan tarihi na ƙasa da ke Edinburgh wanda aka ɓoye 'yan ƙananan bindigogi a cikin bakin saboda ɓarawo in ya buɗe ba ta hanyar da ta dace ba. Bayan yaƙin Culloden a 1746 gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mutanen tsaunuka saka kayan nan, wanda aka kama karon farko wata 6 a gidan yari, karo na biyu a kora shi ƙasashen ƙetare shekara 7, sojojin sarki ne kaɗai aka ƙyale, sai 1782 aka soke dokar. Wannan ne yasa yawancin ƙyale-ƙyalen da kake gani yau daga bariki suka fito, ba daga ƙauye ba. Sai kuma Sarki George na 4 ya ziyarci Edinburgh a 1822 sanye da kilti, Sarauniya Victoria ta zo ta ƙara wa abin gishiri da gidanta na Balmoral, shikenan kayan talakan dutse ya koma kayan manya.

Na kawo maka wannan ne don ka gane cewa dokar "wannan na rana, wancan na dare" ba tsohuwa bace kamar yadda masu shago ke nunawa. In ka duba zanen mutanen tsaunuka da Kenneth MacLeay ya yi wa Sarauniya Victoria a shekarun 1860, yawancinsu dogayen jakunkuna masu gashin akuya ko na doki ne a gabansu, har waɗanda ke sanye da kayan yau da kullum. Rabe-raben da ake bi yanzu a farkon ƙarni na 20 suka zauna. Amma dai sun zauna ɗin, mutane kuma suna lura, musamman tsofaffi a wajen biki, ba zasu ce maka komai ba sai dai su bi ka da ido.

Matakin ƙasa shine kayan rana. Kwat ta tuwid, wannan ulun mai kaushi mai launin ƙasa ko kore ko toka, maɓallanta na ƙahon barewa ne ko makamancinsa, nektai dogo na ulu, safa mai launi ɗaya, takalmi na fata. Jakar da ke tafiya da wannan fata ce zalla, ruwan ƙasa ko baƙa, da marfi na fata da tuntaye 3 na fata, ko kuma wadda suke kira ta farauta wadda babu tuntu mai lilo a jikinta, an ɗinke adon ne a jiki kamar ganye, wai don kada ta dinga ƙara barewa ta ji. Babu ƙarfe mai sheƙi. In da ƙarfe to tagulla ce wadda ta dushe. Da irin wannan ake zuwa wasannin gargajiya na tsaunuka, coci, cin abincin rana, da bikin aure na rana in ango ya zaɓi tuwid, kuma a 'yan shekarun nan angwaye da yawa tuwid ɗin suke zaɓa.

Sama da shi akwai baƙar kwat da ake kira Argyll, mai maɓallan azurfa-azurfa, ana sakata da falmaran mai maɓalli 5 da dogon nektai. Ita wannan 'yar tsakiya ce, tana shiga rana tana shiga dare, in ka canza mata nektai zuwa ɗan ƙaramin nan mai siffar malam-buɗe-littafi sai ta hau sama. Sai Prince Charlie, gajeriyar kwat mai ɗan jela a baya da layin maɓallai masu ƙyalli, falmaran ɗinta maɓalli 3, ita ce daidai da abinda katin gayyata ke nufi in ya ce black tie, wato kayan liyafar dare. Kar sunan ya ruɗe ka, yariman da aka saka mata sunansa, wanda ya yi tawaye a 1745, bai taɓa ganinta ba, ɗinkin ƙarni na 20 ce. Can ƙololuwa kuma akwai kwat irin su Montrose da Sheriffmuir da Kenmore, sau da yawa na karan-miski, ana saka musu leshi a wuya da bakin hannu, safa mai zanen dara ko ta tatan, wato zanen layuka masu gittawa irin na kilti, takalmi mai ƙarfe a sama. Waɗannan sai babbar liyafar dare, ni duk zamana a shagon nan ba na jin na bada hayarsu ya kai a ƙirga da yatsun hannu biyu.

Yanzu ga inda jakarka ta shigo. Abinda ka kwatanta, gaba duk gashi, tuntaye na gashi masu 'yan kofunan ƙarfe suna lilo a sarƙa, da wannan lanƙwasasshen ƙarfen a sama da suke kira kantil, wannan cikakkiyar jakar dare ce. Gidanta Prince Charlie da abinda ya yi sama, kuma baƙar Argyll ma tana ɗaukarta. Abinda mutane basu ganewa shine ba gashin ne ya maida ita ta dare ba, kantil ɗin ne. Farin ƙarfe mai walƙiya yana neman 'yan uwansa, wato maɓallan kwat masu walƙiya, in ka ɗora shi a ƙarƙashin tuwid mai maɓallin ƙaho sai ya zama kamar ka saka alkyabba a kan rigar zuwa gona, kowanne mai kyau ne a wajensa amma haɗin bai yi ba. Don haka in angon ya ce Prince Charlie ko baƙar Argyll za a saka, rataya abarka tun ƙarfe 2 ɗin, babu wanda zai ce kayi laifi, domin a bikin aure na yanzu mutanen ƙasar da kansu suna saka Prince Charlie da rana tsaka duk da masu tsattsauran ra'ayi na cewa sai bayan ƙarfe 6. In kuwa ya ce tuwid, ajiye ta.

Akwai wadda shaguna zasu tura maka da sunan mai raba gardama, marfinta fata, jikinta gashi, tuntayenta da ɗan ƙarfe kaɗan, wai rabin ta dare. Gaskiya ni bata burge ni, jemage ce, ba tsuntsu ba dabba, da tuwid ta yi yawa, da Prince Charlie ta yi kaɗan, baƙar Argyll kaɗai ce take zama da ita daram. Masu haya ne suka fi sonta don jaka ɗaya ta yi musu aiki biyu. Ra'ayina ne fa, akwai 'yan ƙasar da yawa da ita kaɗai suka mallaka kuma basu ga komai ba.

Wadda ta fi dacewa da sunan mai raba gardama ita ce mai kan dabba. Ana ɗaukar fatar dabbar gaba ɗaya, kan ya zama marfi, a gyara fuskar a saka idanun gilashi, jikin ya zama gaban jaka, babu kantil ko kaɗan. Ana yi da yanyawar Turai, da maskwash wanda wani irin gafiyar ruwa ne na Amurka ta Arewa mai laushin gashi, da baja wadda 'yar uwar dage ce mai fari da baƙi a fuska. Al'adar ta yarda a saka wannan da tuwid da safe, a saka ta da karan-miski da dare, ita kaɗai ke da wannan gatan. Hafsoshin rundunar Argyll and Sutherland Highlanders sun shahara da mai kan baja. Matsalarta biyu, tsada, da kuma cewa ba kowa ne zai iya zama yana cin abinci dabba na kallon mutane daga cinyarsa ba, na taɓa ganin yarinya ƙarama ta fashe da kuka a wajen wani biki saboda ita.

Sai doguwar nan ta gashin doki, fara ko baƙa, mai saukowa har wajen gwiwa, wadda ita ce ta fi fitowa a hotuna. Don Allah kar ka kusance ta. A yau ta sojoji ce da masu busa algaitar nan mai jakar iska, in ka rataya ta a bikin abokinka kamar ka je ɗaurin aure cikin ja da koren dogarai ne, za a ɗauka kai ne mai busa a tambaye ka ina algaitar.

Yanzu maganar ko aikin hannu ya kai kuɗinsa, nan ne nake da abin cewa sosai. Fata mai gashi ba kamar kirgi bace da zaka shimfiɗa ka yanka yadda ka ga dama. Duk wanda ya san buzu ya san gashi yana da inda ya kwanta, kuma a siforan dole ya kwanta daga sama zuwa ƙasa, tsakiyar bayan dabbar ya faɗo daidai tsakiyar jakar don launin dama da hagu su yi daidai, wannan kaɗai yana sa a fata guda wani lokacin gaban jaka ɗaya tak zaka fitar, ragowar a yi tuntaye. Ba a saka almakashi, ta bayan fatar ake bi da wuƙa mai kaifi ana ɗaga ta sama kaɗan don wuƙar ta raba fata bata yanke gashi ba, ranar farko da na saka almakashi tsohon nan bai ce min uffan ba, ya ɗauko abinda na yanka ya ajiye kusa da nashi, nawa bakin duk ya yi gwaigwaye kamar ɓera ya ci, kunya ta ishe ni. Fatar zomo siririya ce tana yagewa, dole a manna ta a kan wata fatar mai ƙwari kafin a ɗinka. Sannan a haɗa gaba da baya da wata fata mai laushi a tsakani wadda ita ke ba jakar ciki, a ɗinka da allura biyu da zaren da aka shafa wa kakin zuma, kowane rami allurai biyun suna ratsa shi daga ɓangarori biyu, irin ɗinkin sirdi, shi yasa ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe. Keke baya yin haka, in ya tsinke wuri ɗaya sai ya bi layi yana warwarewa. Kuma mai ɗinki na kirki zai bi ɗinkin da tsinke yana zaro gashin da zare ya danne, har ka kasa ganin inda aka haɗa.

Na araha kuma, waɗanda ake jibgewa a shagunan 'yan yawon buɗe ido a titin Royal Mile na Edinburgh, da yawansu daga waje ake shigo da su, garin Sialkot na Pakistan ya daɗe yana yin kayan kilti da algaitun nan, kuma ba duka ne marasa kyau ba, amma na can ƙasan kwali ne a ciki da gam da fatar da aka niƙa aka sake mannawa. Ruwan Sukotlan ya taɓa shi sau biyu ya kumbura. Araha bata ado. In kana shagon, juya jakar ka dubi bayanta domin a nan ake ɓoye ha'inci, ka shinshina, fata ta gaske bata warin roba. Ka hura gashin da baki ka ga ko akwai gashi mai laushi a ƙarƙashi ko fata ce tsirara, ka shafa shi sama ka sake shi ka ga ko zai koma ya kwanta, ka ɗan ja kaɗan, in ya biyo yatsunka da yawa jimar bata yi ba. Kantil ɗin ka duba ko da ƙananan kusoshi masu murɗawa aka kama shi, wanda in gashin ya tsufa za a iya kwance shi a ɗora a sabuwar jaka, haka iyalai ke gadonsa daga kaka zuwa jika. In an ce maka azurfa ce ka nemi hatimi, azurfar gaske tana da lamba 925 kuma in a Edinburgh aka tantance ta zaka ga ɗan hoton ganuwa mai hasumiya 3. In ka ga EPNS to ruwan azurfa aka yi masa kawai, ba laifi bane, amma kar ka biya kuɗin azurfa. Sannan abu na ƙarshe da kowa ke mantawa, zura wayarka a ciki ka gani ko zata shiga, tsofaffin jakunkunan dare da yawa an yi su ne lokacin da 'yan sulalla da hankici kawai ake sakawa.

Ka tambayi gashin wace dabba ce, kuma ka sa a rubuta maka a rasit. A da gashin sil, dabbar tekun nan, shine sarkin jakar dare saboda gajere ne mai sheƙi kuma baya lalacewa da wuri, amma Tarayyar Turai ta yi dokar hana cinikinsa a 2009 ta fara aiki a 2010, sai masu ɗinki suka koma kan fatar maraƙi mai gashi wadda ita ta fi kama da shi, da zomo da maskwash da akuya. Amurka ma tun 1972 ta hana shiga da kayan sil, in ka sayi tsohuwa ta hannu ka nufi can da ita ana iya ƙwace ta a filin jirgi. Baja tana da dokar kariya ta 1992, karen ruwa da muzurun dajin Sukotlan suma doka na karesu sosai, kiwon dabba don gashinta kuma an hana shi a Sukotlan tun dokar 2002. Shi yasa masu yin mai kan dabba da yawa suke amfani da wadda mota ta buge a hanya ko tsofaffin rigunan gashi da aka warware, mai gaskiya zai gaya maka daga ina fatarsa ta fito ba tare da ya ɓata rai ba. A wajen juriya maraƙi ya fi, zomo ya fi laushi da kyau a hoto amma shi ke fara yin sanƙo a inda hannu ke yawan taɓawa.

Wani abu da ba Bature ne zai tuna maka ba: shafin ciki. Ana yawan yin shafin kayan fata da fatar alade a can saboda laushinta, wasu tsofaffin jakunkunan rana ma gaba ɗayansu ita ce. Gane ta ba wuya, ka duba da kyau zaka ga 'yan ɗigo-ɗigon ramin gashi uku-uku a tare. In aikin hannu ne zaka iya cewa a yi maka da fatar akuya ko ta maraƙi, wannan ma wata riba ce ta sayen na hannu. Hukuncin fatar da aka jeme da ta mushe kuma ka kai wa malaminka, ni baduku ne. Haka in gwiwa a waje na damunka, kilti a tsakiyar ƙoƙon gwiwa yake tsayawa, akwai wandon tatan da suke kira turus wanda shima cikakken kayan gargajiya ne ana saka shi da Prince Charlie ɗin, sai dai shi ba a rataya masa siforan sam tunda yana da aljihu, kaga kuɗinka ya huta.

In ni ne kai, na wannan bikin zan karɓi duk abinda aka haɗo a kayan haya, domin abokan ango ana so su fito iri ɗaya ne kuma jakar na cikin kuɗin hayar, in ka je gari ka tarar kowa da jela kaima ka nemi taka. Sayen ta gashin kuma ya danganta da ko zaka zauna a ƙasar. In kana ganin gaba akwai bikin kammala karatu da daren tunawa da mawaƙin ƙasar Robert Burns na 25 ga Janairu da wasu bukukuwan aure, saye na gari mayar da kuɗi gida ne, amma ka fara da kilti naka na kanka da jakar fata ta rana mai kyau, ita zaka fi sakawa nesa ba kusa ba, ta gashin ta biyo baya. In kuwa shekara ɗaya ta rage maka ka tattara ka dawo, fam ɗaruruwa a kan abinda zaka saka sau ɗaya, hmm.

Ranar bikin ka rataya ta kamar faɗin tafin hannu ƙasa da maɓallin ƙarshe na falmaran, kar ta yi ƙasa tana dukan cinya, kuma in da falmaran ba a ɗaura faffaɗan bel ɗin nan. Sarƙa ita ake sakawa da ta dare, amma tana cin ulun gaban kilti a hankali, shi yasa in kilti naka ne gara maɗaurin fata duk lokacin da ba dole. In an fara rawar keili da dare, wadda ake juyi da tsalle ana kama hannu, zame jakar zuwa kwankwaso, haka ma in zaka tuƙa mota, zaka gode min. Kuma in ka saye ta ka taho da ita gida, kar ka kulle ta a leda, saka ta a jakar yadi ta auduga a inda iska ke shiga nesa da rana, ka dinga fito da ita kana kakkaɓewa kana taje gashin a hankali, saboda asu da zafin Kano basu san aikin hannu ba, damina ɗaya a ƙasan akwati ta isa ka buɗe ka tarar da kantil da tuntaye kawai.